Abin da Na Rubuta Zuwa Dirku

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga mahaifiyarki a Agadas, zuwa ga ɗiyata Uwani a Yamai.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin lafiya, kin huta gajiyar hanya, masauki ya karɓe ki. Allah ya tsare ki a garin da ba ki da kowa, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sharrin mai zaginki da na mai yabonki. Har yau da Uwani nake kiranki, don sunan mahaifiyata gare ki kuma bakina ba ya iya kama shi, ko da yake yanzu a radiyo kowa ke jin sa.

Za ki yi mamakin takarda, ga telefon a hannunki ga shi a nawa. Labarin gida mu bar wa telefon ɗin. Wannan maganar sau uku na shirya in faɗa miki kafin ki hau kar, motar Yamai, sau uku ina buɗe baki sai in ji kaina ina tambayarki ko kin ɗauki bargo. Hannuna ya fi bakina ƙarfin hali, shi ya sa na koma ga tawada. Da ajami na rubuta, wanda na koya miki tun kina kan allo, don kada wani ya shiga tsakaninmu.

Kin ce mini mutanen da suka kira ki aiki za su tara gajerun labaranki su buga su littafi guda, kuma wanda za su sa a gaba shi ne labarin uban da bai zo ba, wanda ya fito da sunanki. Ina roƙonki kada ki yarda a buga shi sai kin kai ƙarshen takardar nan. Akwai zalunci a cikinsa ga mutumin da ya riga mu gidan gaskiya, kuma ni ce na yi zaluncin, da hannunki.

Bari in fara da ƙaramin laifin, wanda kin san shi. Kina shekara goma sha biyu na tsinci kaye, littafin rubutu, ƙarƙashin tabarmarki, cike da rubutu, kuma ba na lekol ba ne. Boko ba ya zauna mini da kyau, sai na sa ki karanta mini. Labarin wata mai sayar da cuku ne da akuyarta ta ɓata ranar kasuwa. Na tambaye ki a wace unguwa matar take, kika ce babu ita, ke kika ƙirƙiro ta. Na ce duk wanda ya rubuta abin da bai faru ba ƙarya ya rubuta, kuma mala'iku na rubuta nasu a kansa. Ban bari kin kai ƙarshe ba, na karɓi kayen na tura shi murhu. Ba ki yi kuka ba, kin tsaya kina kallo har ya cinye. Daidai nan Yaya Halima, maƙwabciyarmu ta bayan katanga, wadda kike kira Inna Halima, ta shigo aron rariya. Ta dubi murhu ta dube ni ta ce, “Malama, yau kuma da ilimi ake dafa tuwon?” Ta ce dukanmu da tatsuniya aka rene mu, ba a taɓa kai kakar kowa gaban alƙali a kanta ba. Sai da mushenku, malamin da ke koyar da ku a lekol, ya zo ya zauna da mahaifinki, Allah ya jiƙansa, kafin in saki, kuma ko da na saki ban taɓa ce miki na yi kuskure ba. To, yau na ce. Har yanzu ban san ko matar ta ga akuyarta ba.

Yanzu ke ce wadda za a riƙa kawo wa rubutu. Ƴan makaranta za su zo miki da nasu. Ki karanta har ƙarshe kafin ki ce kome. In kuma kika ji wani abu a rubutun mutum ya ba ki haushin da ya wuce kima, ki dakata ki binciki kanki tukuna. Ni ranar nan zafin da na yi a kan ƙarya ba naki ba ne. Tawa ce nake ɗauke da ita shekara takwas, kuma tawa ta taɓa mutane masu rai.

Kin tashi kin tarar ina rubuta wa matan unguwa takardu, amma ba ki ga lokacin da aikin ke da ƙarfi ba. Telefon bai shigo hannun mutane ba tukuna. Mazan unguwarmu da yawa suna arewa, wasu a Dirku, wasu a Segedin, wasu sun wuce gaba. Mace ba za ta je zauren malami ta zazzage cikinta gaban maza ba, sai su zo wurina, tun da mahaifina ya karantar da ni har na sauke kuma na iya ajami. Ranar da kamiyo, babbar motar kaya, zai tashi, tsakar gidanmu cika yake. Kowace ta faɗi nata in rubuta, a naɗe, a kai wa shofer ya tura cikin jakarsa. Wata sai ta gaida miji, ta gaida abokansa ɗaya bayan ɗaya, ta ba shi labarin tunkiyar da ta haihu, takarda ta cika ba ta kai ga abin da ya kawo ta ba. Ƙa'idar aikin ɗaya ce, kuma mahaifina ya ja mini kunne a kanta: in kin gama, ki karanta wa mai takarda abin da ke rubuce, ta ce haka ne, sannan ki naɗe. Wadda ba ta karatu ba ta da wani ido sai naki.

Mijin Yaya Halima, Malam Idi, yana Dirku a lokacin. Gero yake kaiwa, ya komo da dabino. Ƴaƴansu biyu, Habu da ƙanwarsa Atika, wadda kuke kai ɗaya da ita, shekara huɗu. Ba za ki tuna ta ba. Da bazara zazzaɓi ya kama ta, aka je likita aka dawo, jiki ya ƙi. Wata safiya da hantsi Yaya Halima ta shigo, ko gaisuwa ba mu gama ba ta zauna bakin tabarma. Matar da ba ta buɗe baki ba tare da ta ba mutane dariya ba, ranar nan muryarta ko rawa ba ta yi. Ta ce, “Ki rubuta masa Atika ba za ta tashi ba. In yana son ya gan ta da rai, ya bar kome ya hau motar da ta kai masa takardar nan.”

Na tsoma alƙalami a tawada, hannuna ya tsaya. Kin san yadda muke a garin nan. Ko an juya mutum ya fuskanci alƙibla, in aka tambayi jikinsa, da sauƙi ake cewa. Haka na tashi na ji, kuma an koya mini ba a yanke ƙauna ga majinyaci, don ranar mutuwa Allah kaɗai ya san ta. Tawadar da ke gabana ita ce wadda nake rubuta allo da ita. Sai na ji tsoron in rubuta mutuwar yarinya tana numfashi, kamar ina kiran abin da hannuna. Na kuma ce a raina bai kamata mutum ya ratsa hamadar Tenere zuciyarsa a tashe ba. Duk wannan tunani ya zo mini da kamannin tsoron Allah. Na rubuta cewa Atika ba ta jin daɗi, amma da sauƙi, in ya samu hali ya zo.

Da nan abin ya tsaya, da kuskure ne irin na kowa, don da na karanta mata ta ce in gyara. Amma na san halinta, na san ba za ta yarda ba, kuma ina ganin na fi ta sanin abin da ya dace. Na ɗaga takardar, idona a kanta, na maimaita mata maganarta kalma bayan kalma kamar ita ce a rubuce. Ta ce haka ne. Na naɗe na ba ta.

Uwani, aikinki da nawa ɗaya ne ta wannan gefe: mutane su yi magana, mu mu rubuta. Kada ki taɓa gyara wa mutum baƙin cikinsa don ya yi daɗin ji. In maganar ta fi ƙarfinki, ki ce masa ba za ki iya ba, ya nemi wani. Kuma duk ranar da kika ji kina cewa a ranki kin fi mai abin sanin abin da ya dace da shi, ki ajiye bik ɗin rubutu ki tashi daga wurin. Ni ban yi niyyar mugunta ba ko ƙwayar gero, kuma wannan bai rage kome ba daga abin da ya biyo baya.

Atika ta yi kwana goma sha uku bayan tashin kamiyon. Motar ta je ta dawo Atika na da rai. Na ga Yaya Halima tsaye a ƙofa ranar da shofer ya shigo gari, har ta aika a tambaye shi, ya ce ya ba Malam Idi takarda hannu da hannu, Malam Idi ya ce a gaida gida, yana tafe in an gama sarar dabino. Da ya hau motar, da ya same ta da kwana uku. Bai zo ba sai bayan an yi sadakar arba'in.

Abin da ya faru a gidansu ta katanga muka ji shi. Ya ce takarda da sauƙi ta ce. Ta ce da kunnenta ta ji abin da ke ciki, kada ya ƙara mata ƙarya a kan rashi. Sai ga ta ta shigo gidanmu, mayafi a hannu, ta tsaya kaina ina wanke-wanke. Ta ce, “Malama, abin da na faɗa miki shi kika rubuta?” Na ce shi na rubuta. Ta ce ta sani, tambaya kawai ta yi don a ji. Kalma uku na faɗa, kuma a kansu na zauna shekara ashirin da shida.

Na jira ya kai takardar wurin wani malami a karanta gaban mutane, don tana hannunsa. Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Rana ta uku da la'asar ya yi sallama a zaure, mahaifinki ba ya nan, na fito na tsaya bayan ƙyaure. Ya miƙo mini takardar a naɗe, ta yi laushi don zama a aljihu. Ya ce, “Malama, ga ajiyarki. Ba zan kai matar aminina gaban jama'a ba. Kuma ko da sauƙi ne, ai an ce mini ɗiyata ba ta da lafiya, ban taso ba.” Ya ce Halima za ta huce, in bar shi da ita. Ni kuwa na karɓa, har da yi masa godiya.

Ba ta huce ba. Sun yi shekara biyu a gida ɗaya, ta ajiye masa abinci ta juya. Daga baya ya koma arewa, ya zauna Segedin wurin ƙanensa, yana aiko musu da abin da ya samu, har ya rasu a can. Ita kuwa ta ƙara manne mini. Ita ta karɓi haihuwar ƙannenki, ita ta zauna da ni duk tsawon takabata. Kowace shekara ina cewa bana zan gaya mata, in azumi ya wuce, in ta warke daga ciwon ƙafa, in an gama bikin Habu. Kowace shekara abin na ƙara nauyi, don yanzu ba takardar kaɗai zan amsa ba, har da shirun bara.

Abin da zan ce miki a nan gajere ne. In kika yi kuskure a rubutu, ko a kan mutum, ki faɗa a makon da kika gane. Za ki ji kunya, za a yi magana, wataƙila wasu su ja baya da ke. Duk wannan ya fi sauƙi a mako na fari. In kuma wani ya rufa miki asiri ya ɗauki laifinki a kansa, kada ki karɓa. Ni na ɗauka alheri ya yi mini, kuma alherin ne daga gare shi. Daga gare ni kuwa, barinsa na yi ya biya da gidansa.

Saura yadda abin ya zo hannunki. Kin tuna hutun da kika zo daga makarantar horon malamai, muna zaune inuwar ɗaki muna tsince gero, kika tambaye ni me ya sa Inna Halima ba ta taɓa ambaton mijinta, ko a addu'a. Na ba ki labarin. Na gaya miki zazzaɓin, da maganar da ta faɗa, da tsayuwarta a ƙofa, da dabinon. Kome na faɗa gaskiya ne, abu ɗaya na cire. Na ga kin daina tsintar, idonki ya tafi wani wuri, kuma na san wannan kallon tun kina ƙarama. A nan ya kamata in ce ki tsaya, akwai saura. Sai na ce ki miƙo mini faifai.

Bayan shekara kika rubuta shi. Kin sake sunaye, kin mai da yarinyar ƴar shekara shida, amma kin bar Dirku da dabino. Kin sa uban yana awon dabino, takardar na aljihun gabansa, yana taɓa ta yana ci gaba da awo. Ranar da aka karanta a radiyo ina tsakar gida na ji shi. Allah ya ba ki hannu, Uwani, wannan ba na musunsa. Masu garka, manoman lambu na Dabaga, da ke kawo albasa kasuwa sun ce wa ƙanenki sun ajiye aiki sun saurara, wani dattijo a cikinsu har ya share ido. Daga nan aka kira ki Yamai aka ba ki kyauta, aka juya shi da Faransanci, kika ce mini har a wasu lekol ana karanta wa yara. Kin rubuta wasu bayansa, na mai ɗinkin takalma da na matar da ta ƙi sayar da ƙofar gidan ubanta, kuma ni na fi son su, amma duk inda aka ambace ki wancan ake fara faɗa.

A unguwarmu ba wanda bai gane Malam Idi ba. Yaya Halima ta shigo da guɗa a bakinta, ta ce ɗiyata ta rama mata, ta ce da ta san abin da ke cikin kayen nan da na ƙona, da ta sa hannu a wuta ta ciro shi. Mata suka yi ta zuwa barka, ina zaune ina amsawa, ina raba goro. Habu kuwa, da yake ƙira a rumfarsa cikin mutane, shi ya sha kallo. A shekarar aka haifa masa ɗa namiji na fari, kowa na jiran ya mai da sunan mahaifinsa kamar yadda ake yi, sai ya sa wani suna. Ina wurin sunan. Na ci tuwon.

Kuma zan gaya miki abin da ya fi kome ba ni kunya: na ji daɗin yabon. Ni da na san abin da ke ƙarƙashi, in aka ce ga uwar marubuciya, sai in ji kaina ya ƙaru. To in ni da ban rubuta ba ya yi mini haka, ke da za ki zauna cikinsa kullum ki yi hattara. Mutanen Yamai za su yabe ki a kan labarin, ba su san Halima ba, ba su san Habu ba, kuma ba su ne za su tsaya a kansa gobe kiyama ba.

Duk wanda ya ba ki labari, ki tambaye shi ina yake tsaye lokacin da abin ya faru, kuma me ya yi da hannunsa. In mai ba da labari ya san kome dalla-dalla amma shi ba shi da ko ɗigon laifi a ciki, ki sake tambaya, ko da mahaifiyarki ce. Da kin ce mini, Inna, wa ya rubuta takardar, me aka rubuta, ina jin da ban iya yi miki ƙarya ido da ido ba. Ba laifi nake ɗora miki ba, wa zai binciki uwarsa. Amma daga yau ki bincika. Kuma in za ki rubuta a kan wanda ya rasu, ki nemi wani da ya so shi ki zauna da shi, don shi mamacin ba zai aiko da gyara ba. Sake suna ba ya ɓoye kowa a garin da kowa ya san kakan kowa.

Da kika ce za a buga shi littafi, na gane abin ya wuce radiyo, wanda ake ji a manta. Jikokin Malam Idi za su karanta shi a lekol. Kin tafi ran Litinin. Ran Laraba da safe na buɗe akwatina, na ciro takardar daga cikin littattafan mahaifina inda take tun ranar da ya ba ni, na zagaya gidan Yaya Halima. Na same ta tana saƙar tabarma. Ta ce yau Malama ta biyo ƙofa, katanga ta yi mata laifi ne? Na zauna a ƙasa, ban hau tabarmar da ta nuna mini ba. Na gaya mata duka, tun daga tawada har zaure, ban ba kaina hanzari ba, na ajiye takardar gabanta.

Ba ta daina saƙa ba sai da ta kai ƙarshen layi. Sannan ta tambaye ni ko shi ya san ni ce. Na ce ya sani, shi ya kawo mini takardar. Ta ce, “Shekara ashirin da shida ina salla, ban sa shi a addu'a ko sau ɗaya ba. Kina jin ni ta katanga.” Na ce ina ji. Ta ce in tashi in tafi gida. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da na fi samun sauƙi.

Kwana huɗu ban ji motsinta ba. Na ga Habu ya shiga ya daɗe, ya fito ya wuce ƙofarmu kansa a ƙasa. Ran Lahadi da hantsi ta yi sallama, ta zauna bakin tabarma, ta ce in ɗauko alƙalami. Na ce akwai telefon, in wani take nema. Ta ce abin da za ta faɗa so take ya zauna a hannun mutane, a karanta a ajiye. Zuwa ga ƙanen Malam Idi ne a Segedin. Ta ce a gaya masa ta zalunci ɗan'uwansa a kan abin da bai yi ba, tana neman gafarar danginsa, kuma a tara malamai a yi masa addu'a da sunanta, Habu na tafe bayan salla a nuna masa kabarin. Ba ta ambace ni a ciki ba. Na rubuta yadda ta faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Da na gama na ɗaga takardar zan karanta mata, sai ta miƙo hannu. Ta ce, “Bar shi, Malama. Habu zai karanta mini.” Na ba ta. Daidai ta yi.

A bakin ƙofa na tambaye ta zancen littafinki. Ta ce ita ba ta san aikin littafi ba, amma ta yi guɗa a kan labarin nan gaban mutane, kuma yanzu ba ta son ta sake jin sa yadda yake. Ta ce Uwani ba ta yi mata kome ba, in tana da magana ta zo da kanta.

To, ga abin da nake roƙonki. Ki je wurin mutanen littafin ki gaya musu gaskiya, cewa labarin an gina shi a kan mutum na gaske kuma an ba ki shi da giɓi. Na san abin da hakan zai iya jawo miki. Shi suka fi so, kin ce don shi suka neme ki, kuma ke baƙuwa ce a wurinsu, ba ki ko gama kwance kaya ba. Wataƙila littafin ya yi jinkiri, wataƙila su ɓata rai, wataƙila masu kyautar su ji. Ban san yadda ake yi a can ba, kuma ba zan ce miki babu hasara ba. Ni na jawo miki ita, ki yafe mini.

Ko ki cire shi, ko ki sake rubuta shi, wannan aikinki ne, kin fi ni sani. In kika zaɓi ki sake, na ba ki izini ki sa mai rubuta takardar a ciki, kuma kada ki sassauta mata don ta haife ki. Ki rubuta ta yadda take: mace mai salla a kan lokaci, wadda ba ta taɓa cin ƙwayar wani ba, wadda ta dubi takarda ta karanta abin da babu. Unguwa za ta gane ni kamar yadda ta gane shi, kuma zan zauna in amsa. Amma kafin ya je hannun kowa, ki zo gida, ki zauna gaban Inna Halima da Habu, ki karanta musu abin da ke rubuce, duka. In suka ce a'a, ki bar shi, ko da ya fi duk abin da kika taɓa rubutawa kyau.

Ba ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban tambaya ba, don ba ni da bakin tambaya tukuna. Ina gaishe ta ta katanga kowace safiya. Jiya ta amsa, a taƙaice.

Allah ya tsare mini ke, Uwani, a zaune da a tafe. Ya tsare hannunki daga zaluntar mai rai da mamaci, ya sa abin da kike rubutawa ya zama hujja gare ki ranar da za a karanta wa kowa nasa. Ya ba ki lafiya da abokan zama na gari, ya dawo mini da ke lafiya. In kin idar da salla, ki sa Malam Idi da Atika a addu'a tare da mahaifinki, ki sa Inna Halima Allah ya sanyaya zuciyarta, sannan in da saura ki sa ni.

Wassalam. Mahaifiyarki.